Kwantabul ɗinka, yaushe rabonsa da aji?

Duk shekara, da zarar watan Afrilu ya raba tsakiya, akwai wata irin zirga-zirga da ake gani a Yamai wadda ba ta salla ba ce, ba kuma ta komawar yara lakwal ba. Za ka ga Alhaji ya fito daga Babbar Kasuwa, ko Katako, ko Wadata, riƙe da leda cike da takardu, faktir da resi na shekara guda cur, wasu sun sha mai wasu sun sha ƙura, yana cigiyar wanda zai haɗa masa bilan. Dalili kuwa shi ne doka wata huɗu kawai ta bayar bayan rufe shekara, wato daga 31 ga Disamba zuwa 30 ga Afrilu, a kammala lissafin kasuwanci a miƙa shi. A cikin irin wannan gaggawa tambaya ɗaya ake yi wa wanda za a danƙa wa ledar: nawa za ka karɓa? Ga kuma wata tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda da wuya ka ji an yi ta: malam, yaushe rabonka da zama aji?

Wani zai ce, to me ya haɗa mai sayar da shinkafa da karatun kwantabul? Ai ya yi lakwal ɗinsa ya gama, ga difloma can rataye a bangon biro. Abin da ya haɗa su shi ne tara. Idan aka cika takarda bisa dokar da ta riga ta mutu, ko aka tsallake wata sabuwa, ma'aikatan haraji ba ƙofar kwantabul suke ƙwanƙwasawa ba. Mai sunan da ke kan lambar NIF suke nema, shagonsa kuma ake sa wa kwaɗo. Daga baya kana iya kai ƙarar wanda ya yi maka aikin, amma kafin shari'a ta ƙare jari ya riga ya ji jiki.

Wane ne kwantabul a idon doka

Mu a kasuwa duk wanda ya iya danna na'urar lissafi ya kuma iya Faransanci kwantabul muke ce masa, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce akanta. Doka ba haka take kallon abin ba. Akwai yaron da ka ɗauka aiki kana biyansa albashi, yana zaune cikin mangazarka yana rubuta shige da fice. Wannan ma'aikacinka ne, aikinsa halal ne, amma nauyin abin da ya rubuta a wuyanka yake. Akwai kuma wanda ya buɗe biro nasa na kansa, yana karɓar aikin mutane daban-daban yana sa hannu da hatimi. Shi wannan ba ya da ikon yin sana'ar sai sunansa na cikin rajistar ƙungiyar ONECCA, wato ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi ta ƙasa, wadda doka mai lamba 2003-023 ta ranar 13 ga Yuni 2003 ta kafa a Nijar.

Kafa ƙungiyar ba ra'ayin Nijar kaɗai ba ne. Tun a 1997 ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka, ta umurci kowace ƙasa ta kafa irinta, shi ya sa za ka ji sunan ONECCA a Senegal, a Mali, a Burkina Faso, a Togo. A cikin rajistar mutane hawa biyu ne. Na sama shi ne wanda ake kira expert-comptable, mai ikon binciken lissafin da wani ya yi ya kuma shaida cewa daidai ne. Na biye da shi shi ne comptable agréé, mai ikon riƙe littattafan ɗan kasuwa, ya buɗe su ya rufe su a ƙarshen shekara. Dukkansu doka ta ɗaure su da riƙe sirrin wanda suke yi wa aiki, kuma akwai majalisar ladabtarwa da ake iya kai su gabanta idan sun ci amana.

Hanyar kaiwa hawan sama doguwa ce. Ƙa'idar da UEMOA ta kafa a shekara ta 2000 ta tanadi babban karatu bayan jami'a, sannan shekara uku mutum yana koyon aiki ƙarƙashin wani ƙwararre, sannan jarrabawar ƙarshe ta samun diflomar da ake kira DECOFI. Makarantar CESAG ta Dakar na cikin wuraren da ake wannan karatu, wasu kuma a Faransa suka samo tasu diflomar. Shi ya sa ba su da yawa, shi ya sa kuma kuɗin aikinsu ke sa ɗan kasuwa ya dafe ƙirji.

Sai kashi na uku, wanda doka ba ta san da shi ba amma kasuwa ta fi kowa saninsa: mai jaka a hammata. Wataƙila tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, wataƙila ɗalibi ne mai BTS da bai sami aiki ba, wataƙila ma'aikacin wani kamfani ne da ke neman na cefane da yamma. Ban ce dukkansu ba su iya aiki ba, akwai masu kai sosai a cikinsu. Abin da na ce shi ne babu mai tilasta musu su sabunta iliminsu, babu kuma inda za ka kai kukansu sai wurin ƴan sanda.

Dokar da ba ta zama wuri ɗaya

Don a gane dalilin da ya sa ake cewa kwantabul ya koma aji, sai a dubi sau nawa aka sauya masa ƙa'idar aiki cikin shekara talatin. Wanda ya gama karatu a farkon shekarun 1990 ya koyi wani tsari ne da kowace ƙasa ke da nata. Ranar 1 ga Janairu 1998 aka shigo da tsarin bai ɗaya na ƙasashen UEMOA mai suna SYSCOA. Ba a jima ba ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ta 17 ga Oktoba 1993 don haɗa dokokin kasuwanci, wadda kuma yau ta ƙunshi ƙasashe 17 har da Nijar, ta fito da tata dokar lissafi a shekara ta 2000. Aka yi shekaru ana tafiya da su biyun, har ranar 26 ga Janairu 2017 da ministocin OHADA suka zauna a Brazzaville suka amince da sabuwar doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Ita ce ake aiki da ita yanzu, ita ake kira SYSCOHADA da aka sabunta. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba, domin OHADA daban take, UEMOA ma daban.

Sauyin na 2018 ba na fenti ba ne. Da can hanyoyi uku ake da su na gabatar da lissafi: babba, matsakaiciya da ƙarama. Aka soke matsakaiciyar ɗungurungum. Wani jadawali mai wahalar sha'ani da ake kira TAFIRE, wanda ɗalibai suka sha kuka a kansa, aka jefar da shi aka kawo wani mai nuna yadda tsabar kuɗi ta shiga ta kuma fita. Kuɗin da mutum ya kashe wajen kafa kamfani, wanda da ake rarraba shi kan shekaru, yanzu a shekarar da aka kashe shi ake lissafa shi. Lambobin asusu da dama sun sauya gida. Wanda rabonsa da aji tun 2010, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu, idan ya haɗa maka bilan yau da abin da ya sani jiya, kamar wanda ya zo kasuwa da kuɗin da aka daina karɓa ne.

Ga misalin da ya fi shafar yawancinmu. Ƙaramar hanyar, wadda ake kira SMT, an yi ta ne don ƙananan ƴan kasuwa: abin da ya shigo da abin da ya fita ake bi, ba a neman tarin jadawalai. A tsohuwar doka mai saye da sayarwa ba ya shiga cikinta sai cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 30 ba, mai sana'ar hannu miliyan 20, mai aikin hidima miliyan 10. Sabuwar doka ta ɗaga iyakar zuwa miliyan 60, miliyan 40 da miliyan 30. A lura, ciniki ake nufi ba riba ba. Miliyan 60 a shekara kuwa miliyan 5 ke nan a wata, kusan jika 165 a rana. A ce Hajiya mai atamfa da leshi tana cinikin miliyan 45 a shekara. A dokar jiya ta wuce ƙaramar hanya, a dokar yau tana cikinta. Kwantabul ɗin da bai san an sauya ba zai ɗora mata aikin da doka ba ta ɗora mata ba, ya kuma karɓi kuɗin wannan aikin. Sai dai a nan ma akwai wani lungu: wannan ma'aunin dokar lissafi ne, dokar haraji tana da nata ma'aunin na raba masu biyan harajin dunƙule da masu biya bisa ainihin ciniki, kuma ba dole su zo ɗaya ba. Sanin inda suka haɗu da inda suka rabu shi ne aikin da kake biya.

Ita kuwa dokar haraji ba ta ma jiran shekara goma. Kowace shekara kasafin kuɗin ƙasa na zuwa da gyare-gyarensa, ko ta hanyar majalisa, ko ta hanyar dokar da shugaban ƙasa ke sa wa hannu kamar yadda ake yi tun bayan Yulin 2023. Wa ya manta da kasafin 2018, wanda ya fito da jama'a kan titunan Yamai tun daga Oktoban 2017? A lokacin kowa ya zama masanin haraji a bakin shago. Amma irin waɗannan gyare-gyare suna zuwa kowace Janairu, mafi yawansu shiru, ba zanga-zanga ba ganga, sai dai layi biyu ko uku a cikin wata doguwar takarda da ba mai karantawa sai wanda aikinsa ne.

Sannan ga faktir mai shaida, wanda hukumar haraji ta DGI ta shimfiɗa daga 2021, aka fara da kamfanoni da manyan ƴan kasuwa. Faktir ne da na'ura ke fitarwa, da wani ɗan zane mai murabba'i a ƙasansa da ake dubawa da wayar hannu, kuma labarin cinikin yana isa wurin hukuma. A ce kana cikin masu karɓar TVA, ka sari kayan miliyan 10, aka ɗora maka 19 cikin 100, wato miliyan 1 da jika 900. Wannan kuɗi kana da ikon cire shi daga TVA ɗin da za ka zuba bayan ka sayar. Idan wanda ya sayar maka yana cikin waɗanda dokar ta hau kansu amma ya ba ka faktir na hannu, mai bincike na iya ƙin amincewa da shi, kuɗin ya zama naka ne ya tafi. Kwantabul mai bin zamani tun ranar da ka kawo takardar zai ce maka koma ka karɓo ta gaske. Wanda ba ya bi zai jera ta cikin sauran, sai bayan shekara biyu ko uku, ranar da masu bincike suka zo, a ji labari.

Abin da ƙa'ida ta ce game da komawa aji

Sana'ar lissafi tana da uwar ƙungiya ta duniya mai suna IFAC, wadda aka kafa a 1977, mazauninta kuma na birnin New York a Amurka. A cikin ƙa'idojinta na ilimi akwai ta bakwai, wadda ta tsaya kacokan kan wannan magana: duk wanda aka ba izinin sana'ar dole ya ci gaba da neman ilimi muddin yana aiki. Shekaru da dama ma'aunin da aka sani shi ne awa 120 cikin kowace shekara uku, kada a kasa awa 20 a shekara guda, kuma rabin awoyin, wato 60, ya zama akwai shaidar da za a iya dubawa. Daga 2020 aka sake fasalin ƙa'idar, aka bar wa kowace ƙungiya ta ƙasa ta tsaida nata adadin, aka kuma fi karkata ga abin da mutum ya koya a kan yawan awoyin da ya zauna. Duk da haka awa 120 ɗin nan ita ce har yanzu ƙasashe da yawa ke riƙe da ita. A Faransa, alal misali, masu binciken lissafin kamfanoni doka ta ɗora musu awa 120 a shekara uku da aƙalla 20 a kowace shekara. A Najeriya ƙungiyar ICAN, wadda aka kafa tun 1965, ita ma ta wajabta wa membobinta wannan karatu na bayan difloma.

Idan ka raba awa 120 gida uku, awa 40 ke nan a shekara, wato mako guda na aiki. Mako guda cikin hamsin da biyu. Duk wanda ya ce wannan ya yi masa yawa, ina ganin sai ya sake sana'a.

Mu nan ta ƙofar OHADA maganar ta ƙara shigo mana da ƙarfi. A 2017 ministocinta sun fitar da wata ƙa'ida da ta ce masu lissafi da masu bincike na ƙasashe 17 su yi aiki da ma'aunan bincike na duniya, su bi kundin ɗa'ar sana'a da ya yi daidai da na IFAC, a kuma riƙa duba ingancin aikinsu. A cikin wannan kundin ɗa'a, riƙe ilimi a matsayin da zamani ke buƙata wajibi ne daidai da gaskiya da riƙon sirri. Ma'ana, wanda ya karɓi aikinka alhali bai san dokar bana ba ya saɓa wa sana'arsa ko da bai ci maka ko dala ba. ONECCA kuwa takan shirya wa membobinta tarurrukan ƙarin ilimi, musamman idan sabuwar doka ta fito.

Me ya sa duniya ta tsananta haka? Manyanmu da ke sauraren labaran waje za su tuna da kamfanin Enron na Amurka, wanda ya durƙushe a Disamban 2001 bayan an gano lissafinsa ƙarya ce aka yi wa ado. Dubban ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin ritayarsu, kamfanin Arthur Andersen da ke binciken lissafin, ɗaya daga cikin manya biyar na duniya a lokacin, shi ma ya bi shi a 2002. Bayan wannan ne aka ƙara ɗaure sana'ar ta ko'ina. Sa hannun kwantabul alkawari ne ga mutanen da ba su san shi ba: banki da zai ba da bashi, abokin ciniki na Dubai ko na Sin da zai saki kaya, gwamnati da za ta ba da kwangila.

Zama aji daban, ilimi daban

Yanzu bari in faɗi inda nake da ja. Ƙidayar awoyi abu ne mai sauƙin yi wa dabara. Duk wanda ya taɓa leƙa taron ƙara wa juna sani a manyan otal-otal na garin nan ya san yadda wasu ke yi: a zo da safe a sa hannu, a sha kofi, a ɓace, a dawo da la'asar a karɓi takardar shaida. Idan haka za a cika awa 40, to an cika takarda, kai kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa nake ganin gyaran da IFAC ta yi a 2020 yana kan hanya, a tambayi mutum me ya koya, a kuma duba aikinsa a gani.

Na biyu, kusan komai a Yamai yake. Ga Maraɗi, wadda kowa ya san ita ce cibiyar fatauci, ga Damagaram, ga Tawa, ga Birnin Ƙonni da Gaya a bakin iyaka. Mai biro a Damagaram da zai zo taron kwana uku sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900, ya biya mota da masauki da kuɗin taro, ya rufe biro mako guda. Yanzu da ake iya karatu ta intanet wannan uzuri ya ragu, amma wanda ya san halin wutar lantarki da layin waya a lokacin zafi ya san bai ƙare ba.

Na uku shi ne ya fi damuna. Duk wannan karatu da Faransanci ake yinsa, dokokin ma da Faransanci suke, mai dukiyar kuwa da Hausa ko Zabarmanci yake tunani. A shirinmu na rediyo, duk ranar da aka taɓo haraji, kukan da masu bugo waya suka fi yi ba na yawan kuɗin ba ne, na rashin bayani ne: an ce in sa hannu na sa, ban san abin da ke ciki ba. Kwantabul ɗin da ya je taro ya koyo sabon abu, amma ya kasa zaunar da Alhaji ya fayyace masa da harshen da yake ji, rabin aiki ya yi. Da ni ake shawara, da cikin awoyin nan an ware wasu don koyon yadda ake bayanin bilan da Hausa. Kalmomin ai muna da su: uwar kuɗi, riba, faɗuwa, bashi, ajiya, jingina. Fatakenmu sun yi lissafin goro daga Gwanja zuwa Kano tun kafin a san Faransanci a ƙasar nan.

Abin da za ka tambaya

Ba sai ka iya karatun boko ba kafin ka gwada wanda za ka ba amanar littafinka. Ka fara da tambayarsa ko sunansa na cikin rajistar ONECCA, a wane hawa. Wanda ke ciki ba ya jin haushin wannan tambaya, da alfahari ma zai amsa, kuma kana iya aika yaro ya tabbatar a wurin ƙungiyar. Sannan ka ce ya gaya maka abin da ya sauya a kasafin kuɗin bana da ya shafi irin kasuwancinka. Idan ya ce ai duk ɗaya ne da bara ba tare da ya buɗe takarda ba, to ka yi hattara. Ka tambaye shi taron ƙarin ilimi na ƙarshe da ya je, kan wace magana aka yi shi. Kuma ku rubuta yarjejeniya: ga aikin da zai yi, ga ranar da zai gama, ga kuɗinsa. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, ta tsaya kan rubuta bashi, bai kamata rubuta yarjejeniya ya zama mana abin kunya ba.

Akwai kuma alama ɗaya da ba ta ƙarya. Duk wanda ya fara da tambayarka nawa kake so mu nuna, ba kwantabul ba ne, dillalin fitina ne. Bilan ɗin da aka rage don gudun haraji shi ne dai za ka ɗauka ka kai banki ranar da kake neman bashi, banki kuma ya ce ai cinikinka bai kai ba. Masu yin biyu, ɗaya na haraji ɗaya na banki, su sani tun 2009 UEMOA ta umurci ƙasashenta su buɗe ƙofa guda ta karɓar lissafin shekara, don dai takarda ɗaya ta isa wurin kowa.

Ga waɗanda kasuwarsu ta girma har suka kafa kamfani, akwai wani mataki da kwantabul ya kamata ya hango musu tun da nisa. Bisa dokar kamfanoni ta OHADA da aka sabunta a Wagadugu a 2014, kamfani irin SARL dole ya naɗa mai binciken lissafi na waje idan ya cika biyu cikin ukun nan: jimillar bilan ta haura miliyan 125, ciniki ya haura miliyan 250 a shekara, ko ma'aikata na dindindin sun haura 50. Masu shigo da shinkafa, mai, taliya ko siminti ba su da nisa da miliyan 250, balle tun 2023 da rufe iyakar Benin ya mai da kaya hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, kuɗin mota ya hau, farashi ya bi shi. Ciniki na iya tsallake iyakar doka alhali riba ba ta motsa ba.

Iyayenmu mata da masu ƙaramin jari

To, mai tebur fa? Mai tumatir da tattasai, mai ƙuli-ƙuli, mai ɗinki, mai sayar da turaren wuta, ina ita ina expert-comptable? Gaskiya ne, ba ta buƙatarsa, kuma kada wani ya tsorata ta ya karɓe mata kuɗi. Tun Disamban 2010, a Lome, OHADA ta ƙirƙiro wani matsayi mai suna entreprenant don masu ƙaramar sana'a: sanarwa kawai ake yi a rajistar kasuwanci, cikin abin da ake nema kuma akwai kaye da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kullum, a adana shi shekara biyar. Ɗiyarki da ke kwalej ta isa ta riƙe miki shi. Ranar fitar da zakka ma shi zai gaya miki abin da ke hannu, abin da ake binki da abin da kike bi, kafin a cire ɗaya cikin arba'in.

Wanda ya wuce tebur amma bai kai ɗaukar biro ba, akwai cibiyoyin da ake kira CGA, waɗanda UEMOA ta tanada tun 1997 don a haɗa ƙananan ƴan kasuwa wuri guda a riƙe musu lissafi da kuɗi mai sauƙi ƙarƙashin kulawar ƙwararru. A tambaya a majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa, wato Chambre de Commerce, za a nuna hanya. Ya fi a miƙa leda ga wanda ba a san gidansa ba.

Ƙungiyoyin mata kuwa su buɗe kunne, domin akwai sabuwar doka da a nan Yamai aka haife ta. Ranar 22 ga Disamba 2022 ministocin OHADA suka amince a garin nan da tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Adashi tsakanin maƙwabta ba shi ake nufi ba. Amma ƙasar da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tana cike da ƙungiyoyin da suka girma, suka yi rajista, suke karɓar tallafi daga masu ba da agaji. Irin waɗannan yanzu suna da nasu tsarin lissafi daban da na ƴan kasuwa, an kuma sassauta wa ƙanana. Duk kwantabul ɗin da ya gama karatu kafin 2023 bai ga wannan tsari a lakwal ba, ko da wace irin difloma ya fito. Idan bai koma aji ba, da tsarin ƴan kasuwa zai yi wa ƙungiyarku lissafi, mai ba da tallafi kuma ya mayar da takardar.

Abu na ƙarshe ba ya buƙatar kwantabul ko kaɗan. Doka ta ce ɗan kasuwa ya adana littattafansa da takardun shaida shekara goma. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987, wuta ta sake taɓa ta a 2009, Ƙaramar Kasuwa kuma ta tafi a 2012. Duk faktir ɗin da ya shigo hannu a ɗauke shi hoto da waya tun ranar, asalin takardun kuma a riƙa kwashe su zuwa gida duk ƙarshen wata, a sa su cikin akwatin ƙarfe, kowace shekara da ledarta, a rubuta shekarar a jiki.